Gwanayen Ɓoyo: Jinjina Daga Jimeta

Mutanen Jimeta ba su da godiya. Na faɗa, wanda ya ji haushi kuma ya same ni a Dubeli. Shekara talatin da 'yan kai ana yi musu fim, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. An sa su dariya, an sa su kuka, an raya musu dare duk ranar da aka ga damar kawo wuta. Amma tukuicin da suke bayarwa shi ne su baje a majalisa bayan la'asar suna ƙirga kurakurai. Wai an ga makirfo ya leƙo ta sama. Wai an ga inuwar mai kyamara a jikin bango. Wai jarumi ya shiga ɗaki da jar hula ya fito da baƙa. To yau na zo in wanke 'yan fim ɗinmu tas, domin abin da kuke kira kuskure hikima ce aka binne don masu ido.

Ai Turawa ma suna binne irin nasu, har da taƙama. Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila, yakan gifta a cikin fina-finansa na 'yan daƙiƙoƙi, masu kallo su yi ta farautar inda ya ɓuya. Kamfanin Pixar mai fina-finan zane yana cusa lamba A113 a lambar mota ko a jikin ƙofa, don tunawa da wani aji a makarantar koyon zane ta Kalifoniya inda da yawa cikin ma'aikatansa suka yi karatu. Sai dai ku duba rashin ƙashin bayansu idan abu ya zo da gaske. A watan Mayun 2019 aka hango kofin shan kofi na takarda a kan tebur a cikin Game of Thrones, labarin da aka ce na zamanin takubba da dodanni ne. Duniya ta yi caa. Kafin kwana uku masu shirin sun bi da kwamfuta sun goge kofin. Wannan ai tsoron bakin mutane ne. Daraktanmu idan ya bar ledar fiya-wata a fadar sarkin da ya yi mulki kafin zuwan Bature, ta zauna ke nan, jikokinmu ma za su gan ta. Namiji ba ya janye abin da ya ajiye.

Ɗauki marainiyar nan da kishiyar uwa ke gallaza wa. Labari ya ce kwana uku rabonta da abinci, tana yawon talla a tsakar rana. Amma ga gira an ja ta tsaf, ga gashin ido na kanti, ga lalle ja da baƙi har gwiwar hannu, irin wanda amaryar Karewa ma sai ta yi tanadi kafin ta same shi. Mai ƙaramin tunani zai ce an manta ba a wanke mata fuska ba. Ba mantuwa ba ce. Darakta yana koya wa 'ya'yanmu mata cewa komai tsananin yunwa, mutum ba ya sakin fuskarsa ga maƙiya. Ko kuwa jarumin da mota ta kaɗe, aka naɗe masa kai da bandeji, jini ya ɓullo ta dama. Ana dawowa daga waƙa sai ga jinin ya koma hagu. Nan ma ilimi ne: masu maganin gargajiya na bakin tashar Jambutu sun daɗe suna shelar cewa ciwo yawo yake yi a jiki, ga shi fim ya gaskata su. Likita kuwa ba ya buƙatar awo ko hoto. Ya fito, ya cire tabarau, ya girgiza kai, ya ce sai dai haƙuri. Da asibitocinmu za su koyi wannan saurin, da layi ya ragu.

Agogon bangon falon Alhaji kullum a ƙarfe goma yake, ko sallar asuba aka tashi ko baƙin dare aka yi, domin a tuna mana lokaci na Allah ne. Shi kansa falon mun saba da shi har mun zama 'yan gida. Mun san labulen, mun san kujerar da ke da tabo, mun san kofin lemon da ake ajiye wa baƙo ba ya taɓa kurɓa. A wannan fim gidan mugun attajiri ne, a wancan gidan malamin kirki, a na gaba kuma ofishin ɗan siyasa. Duniya gidan haya ce, wane wa'azi ya fi wannan? Akwai ma'aikaci na musamman a lokeshan da ake kira kwantiniti, aikinsa ya riƙe littafi yana rubuta wace hula aka sa, wane hannu ke riƙe da waya, a ina aka tsaya jiya. Da alama wannan bawan Allah ya fi kowa amana, shi ya sa shi ake aike sayo abinci daidai lokacin da za a ɗauka.

Mu a Adamawa ma an fi yi mana gata. Duk lokacin da labari ya buƙaci Bafulatana, sai a nemo jaruma fara, a ɗora mata ƙwarya, a rataya mata tsakiya, a ce daga wajen Yola aka kawo ta. Akwai daren da muke kallon irin wannan fim a tsakar gida a cikin Yola, saboda zafin watan Afrilu ya hana kowa zaman ɗaki. Goggona na kan tabarma, tsohuwar da har yau in lissafin kuɗi ya rikice mata sai ta koma Fulatanci kafin ya fita. Jaruma ta buɗe baki ta saki kalma biyu na gaisuwa, sannan ta shiga wata irin Hausa da aka karya wa ƙafa da gangan, tana ce wa namiji "ke", tana rantsuwa da aradu a kowace jimla. Goggo ta miƙe zaune, ta kasa kunne.

"Ɗana, wannan yarinyar daga wace ƙasa aka kawo ta?"

Na ce, "Goggo, ai Bafulatana ce. 'Yar garinku ce ma, in ji su."

Ta ƙara sauraro, ta jinjina kai. "Ayya. To Allah ya ba ta lafiya."

Da aka nuno saurayin jarumar a ruga, Goggo ba ta ma kalli fuskarsa ba, shanun take kallo. Guda uku ne, ramammu, kowace na kallon gabanta, alamar ba su san juna ba balle su san shi. Shi kuma ya saɓa sanda a wuya, ya tsaya nesa da su kamar wanda suke bi bashi. Ta ce ko yaron da bai yi kaciya ba a Fufore ba zai tsaya wa saniya ta nan ba. Ni dai na ba ta haƙuri, na ce ba ta fahimci fasaha ba ne.

Fasahar kuwa babba ce, domin ba ƙaramin aiki ba ne a ɓoye al'umma guda a bayan ƙwarya ɗaya. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ya kafa Yola a 1841, malami ne kafin ya zama mai mulki. Ƙasar nan ta fitar da Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar da Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya daga Song da ya riƙe Jami'ar Maiduguri da ma'aikatar ilimi ta tarayya. Akwai jami'a a Girei, akwai wata a cikin Yola. Duk wannan masu fim sun sani, amma saboda tsare mu daga kambun baka suka rufa mana asiri. Bafulatanin fim har gobe in ya ga talabijin sai ya zagaya bayanta yana neman ƙofar da mutanen suka shiga. Mahassada ba za su taɓa gane muna karatu ba. Allah ya saka da alheri.

Haka suka tsare mana ƙasarmu. A 1999, shekarar da mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa, shekarar da fim ɗin Sangaya ya kama kasuwa, a shekarar ce hukumar UNESCO ta sa Sukur ta ƙaramar hukumar Madagali cikin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Hanyoyi ne na dutse da aka shimfiɗa da hannu suna hawa tsauni, ga fadar sarkinsu, Hidi, a can sama, ga gonaki hawa-hawa. Ga duwatsu uku na Song, ga dam ɗin Kiri, ga tafkin Geriyo da masuntansa, ga Binuwai da rani lokacin da yashi ke fitowa fari fat a tsakiyar ruwa a ƙarƙashin gadar Jimeta. Wani marar kunya da tuni ya kwaso kyamara ya tallata mu a duniya. Namu sun san daga Kano zuwa nan tafiyar yini ce cur, ta Gombe da Numan, ga kuɗin mai, ga masauki. Sai suka yi dattaku, suka bar mana kayanmu, suka riƙa yin rawarsu a duwatsun Jos da bakin Tiga da lambun otal. In labari ya ce an tafi Yola, sai a nuna mota ta fita daga get, a nuna hasumiyar wani masallaci, a rubuta "Yola" a ƙasan allo. Mai imani ba ya neman hujja.

Maganar Binuwai ta tuna mini da wani abin alfahari. James Cameron ya kashe kimanin dala miliyan 200 kafin ya fitar da Titanic a 1997, har da gina katafaren jirgi a gaɓar teku a Meziko. Almubazzaranci tsagwaronsa. A 2003 aka fitar da namu, Masoyiyata, aka yanko hotunan jirgin daga na Cameron aka haɗa da 'yan wasanmu, jirgi ya nutse lafiya lau ba tare da an jiƙa ko takalmi ba. Wani zai ce ai Jimeta tashar jiragen ruwa ce tun zamanin Turawa, jiragen kamfanoni kan hauro kogin da damina su yi lodin gyaɗa da auduga, don haka da an so da an sami ruwa na gaske da labari na gaske. Wannan tunanin masu son wahala ne. Wanda Allah ya kawo wa jirgi gyararre har gida, me zai kai shi neman kwalekwale?

A nan ne gwanintar ɓoyo ta kai maƙura, wato wajen asalin labari. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi salsalar wani fim mai suna So da ya fito a 2001, ya nuna daga Mohabbatein na Indiya aka samo shi, wanda Aditya Chopra ya yi a 2000 da Amitabh Bachchan da Shah Rukh Khan, shi ma kuma yana da jini da Dead Poets Society na Amurka na 1989. Jika ke nan, uba, da kaka. Ba mu muka fara aro ba, Indiyawan ma aro suka yi, kuma aro ba laifi ba ne ga wanda zai ce ga mai kaya. Amma faɗin mai kaya yana kashe daɗin wasan. Dattawan da suka yi zamanin Lamido Sinima, waɗanda suka haddace fina-finan Indiya har suna kiran Sanjay Dutt ɗan daba mai lasin, ina za su sami abin yi da yamma in ba a bar musu wannan wasan ƙwaƙwalwa ba? Minti goma da fara fim za ka ji wani ya buga cinya ya ce, "Na gano shi!" ya faɗi sunan na Indiyan, ya faɗi yadda za a ƙare, ya faɗi wanda zai mutu. Sauran awa biyun kowa ya huta da zullumi, wanda ke da hawan jini ma sai ya kalla hankali kwance.

In fim ya ƙare sunaye suka fara hawa, nan za ka ga tarbiyya. Godiya ta musamman ga Alhaji wane da ya ba da aron gida, ga Alhaji wane da ya ba da aron mota, ga Hajiya wance mai abinci, ga mai unguwa, ga ɗaukacin masoya na gida da waje. Labari: furodusa. Ɗaukar nauyi: furodusa. Shi kaɗai wancan bawan Allah na Mumbai da ya ƙirƙiri labarin aka kare daga riya, aka bar masa ladansa cikakke zuwa lahira. Kuma kada a ce masana'antar ba ta da ido a kan ɗa'a. Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, kuma a watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda runguma a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. An tsare mutunci. Rungume labarin wani tun daga farko har ƙarshe kuwa, wannan zumunci ne tsakanin ƙasashe.

Saura babban sirrin, wanda aka fi iya riƙewa, wato sallama. Shekara da shekaru babu mai kallon da ya san nawa ake ba tsohuwar da ke fitowa a uwar jarumi, wadda ke zubar da hawaye a sin ɗaya ta sa mata kuka daga Luggere har Mubi. An rufe wannan da kyau, har sai da Ladin Cima ta ɓata shiri a watan Fabrairun 2022, a shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa. Tsohuwar da ta tsufa a harkar ta ce akan sallame ta da naira 2,000, ko 3,000, ko 5,000, ta faɗa tana hawaye, hawayen da ba darakta ya ce a yi ba. Manyan masana'antar suka fito suka musanta, suka kawo nasu lissafin na abin da suka ce sun biya ta. Aka yi ta ja-in-ja a rediyo da Instagram, masu tausayi suka kai mata taimako. Ni abin da ya burge ni shi ne gardamar da takarda guda mai sa hannu za ta kashe cikin minti biyar, sai aka yi ta da fatar baki, kowa da rantsuwarsa. Haka ya dace. Takarda ai ta marasa yarda da juna ce. Mu 'yan'uwa ne, Mama ce, Baba ne, wa zai kawo biro tsakanin ɗa da uwa? A damƙa mata a hannu a dunƙule, a ce a yi haƙuri a sa albarka, yadda ko hannun hagu ba zai san abin da na dama ya bayar ba. Ita ma sai ta hau Keke sannan za ta sani.

Idan wadda fuskarta ke kan allo ke nan, to mai riƙe fitila fa, da yaron da ke jan janareta, da matan da aka tara tun safe su cika taron biki, aka sallame su da magariba da shinkafa a leda? Su an ɓoye su ɓoyo na ƙwarai, ko inuwarsu ba ta fitowa, sai ta mai kyamara.

Kada in yi rowa, mu 'yan kallo ma mun cancanci kambu, domin mu muka nuna irin sirrin da muke so. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai da ta riƙe masana'antar shekaru ta durƙushe, masu fim suka koma Arewa24 da YouTube da shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So. Tun da kuɗin YouTube da yawan kallo yake tafiya, wasu suka gano cewa buɗe get ma sin ne: maigadi ya taso, ya gyara hula, ya zare sakata, mota ta shiga, ta tsaya, a buɗe ƙofa, ƙafar dama ta sauko, ta hagu ta biyo. Kafin a yi sallama an ci minti huɗu, an kuma tallata maganin basir da makarantar kuɗi. Ba mu ce uffan ba. Abin da ya dame mu shi ne tashoshin nan masu jan kibiya da hoton jaruma tana kuka, an rubuta "Asiri ya tonu" ko "Innalillahi, kalli abin da ya faru da wance". Direban Keke daga Hayin Gada zuwa kasuwa zai iya faɗa maka wace jaruma ce aurenta ya mutu, sau nawa, wa ya saya mata mota, wane mai take shafawa. Tambaye shi wa ya rubuta fim ɗin da ya kalla jiya, sai ya ce maka ai ba a rubuta fim, yi ake yi. Kuma kusan ya fi ka gaskiya.

Kwanan baya na tsaya cajin waya a wata rumfa a bayan kasuwar Jimeta, irin rumfunan nan da ake tura fina-finai a memori. Kwamfuta ɗaya ce mai tsagaggen gilashi, wayoyi sun fi talatin a jere a kan katako, sifika na ta amon wani fim ɗin Indiya da aka fassara, bos ɗin yana zagi da Hausar 'yan daban Kano. Wani matashi ya miƙo wayarsa.

"Hamma, akwai sabon nan da ya fito jiya?"

"Akwai. Naira 100."

"Haba Hamma, fim ɗin da ko sauti ba su iya gyarawa ba? Wallahi 'yan fim ɗin nan ba sa kashe kuɗi a aiki. Ka bar shi 50."

Mai rumfa bai ɗago kai ba, yana ta jan fayil. Ko sisi daga cikin ɗarin ba zai isa hannun wanda ya yi fim ɗin ba, balle hamsin, su biyun kuma sun sani. Ya ce, "Ƙanina, 100 ne. Amma in kana so akwai bidiyon da jarumar ke bayanin yadda mijinta ya sake ta, shi 50 ne."

Yaron ya laluba aljihu, ya fito da tsohuwar hamsin ya ajiye a kan katako. Ya ce a sa masa na sakin auren, fim ɗin ya dawo gobe.